Wuraren fasa dutse da gandayen duwatsu a Saudiyya: me aka kare, me aka hana?

Tun watan Afrilun 2025, lokacin da hukumar UNESCO ta saka wurare biyu na Saudiyya cikin jerin gandayen duwatsu na duniya, wato na Arewacin Riyad da na Salma a yankin Ha'il, tambayoyi suke yawo a bakin Hausawan da abincinsu ke fitowa daga dutse da yashi: direbobin tifa, masu tuƙa shiyol (motar da ke kwasar dutse da yashi tana lodawa), leburorin kassara (injin niƙa dutse) da magina. Wani ya ce za a rufe wuraren fasa dutse. Wani ya ce yanzu ko tsakuwa ka ɗauka a jeji sai an ci ka tara. Wasu kuma mamaki ne ya kama su, wai me ke cikin dutsen da kullum ake sa wa nakiya har duniya za ta taru ta karrama shi. Kowacce daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba.

Abubuwa ukun da ake cakuɗawa

Na farko shi ne wurin fasa dutse, wanda Larabawa ke kira mahjar. Nan ne ake yanko dutse ko a farfasa shi don gini. Kassara ita ce injin da ke niƙa shi ya koma tsakuwa, ko da yake a bakin ma'aikata sunan ya game wurin baki ɗaya. Irin wannan wuri da lasisi yake aiki, kuma Ma'aikatar Masana'antu da Albarkatun Ma'adinai ce ke bayarwa.

Na biyu shi ne burbushin halittu, wato ahafir: ƙashi, haƙori, ƙwanso, itace ko sawun ƙafa na wata halitta da ta rayu tun da daɗewa, aka tarar da shi ya zama dutse. Ba kowane mushe ke samun wannan ba. Sai laka ko rairayi ya binne shi da wuri, kafin kuraye da rana su gama da shi, sannan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ratsa shi yana cike ƙofofinsa da ma'adinai har ya taurare. Shi ya sa ake samun sa a duwatsun da suka samu ta hanyar kwantawar laka da yashi da ƙwanson halittun ruwa, irin su farar ƙasa, amma ba a samun sa a dutsen da ya narke ya daskare.

Na uku shi ne gandun duwatsu, wanda ake kira jiyofak. Ba lambu ba ne da aka kewaye da waya. Yanki ne mai faɗi, da garuruwa da gonaki da makiyaya a cikinsa, wanda duwatsunsa ke da wata daraja ta ilimi da duniya ta amince da ita. Kowanne daga cikin biyun na Saudiyya ya haura murabba'in kilomita 3,000. UNESCO ta fara ba da wannan suna a 2015, kuma bayan ƙarin 2025 adadinsu ya kai 229 a ƙasashe 50.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, sunan jiyofak ba doka ba ne. UNESCO ba ta da 'yan sanda, ba ta cin tara, ba ta rufe kassara. Abin da take buƙata shi ne muhimman wuraren da ke cikin gandun su kasance dokar ƙasar ta riga ta kare su, sannan hukumar da ke kula da gandun kada ta shiga cinikin burbushin halittu da duwatsun ado, ta kuma riƙa hana irin cinikin da zai ƙarar da su. Don haka duk wani hani da mutum zai ci karo da shi a fili, daga dokokin Saudiyya ya fito.

Me ya kai murjani tsakiyar Najadu?

Ƙasar Saudiyya ta rabu gida biyu ta fuskar duwatsu. Yamma, inda Makka da Madina da Ɗa'ifa suke, tsohon dutse ne mai tauri, sai kuma baƙaƙen duwatsun aman wuta da ake kira harra a bisansa. Wanda ya yi aikin fasa dutse a tsaunukan Makka shekara da shekaru zai iya rantsewa bai taɓa ganin ƙwanso a cikin dutse ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tsakiya da gabas da arewa kuwa duwatsu ne hawa-hawa, waɗanda suka kwanta a lokutan da teku ya yi ta shigowa yana ja da baya.

Tsaunukan Tuwaiƙ, masu tsawon kusan kilomita 800 da suka ratsa Najadu, wato yankin tsakiyar ƙasar, ta yammacin Riyad, su ne babban misali. Farar ƙasar da ta gina su ta kwanta ne a ƙarƙashin wani teku marar zurfi mai ɗumi, sama da shekara miliyan 150 da suka wuce. Duk wanda ya tsaya kusa da katangar da aka lulluɓe da dutsen Riyad, wannan mai launin ƙasa-ƙasa da ake ƙawata gidaje da masallatai da shi, ya ƙura ido da kyau, zai iya ganin ƴan zane-zane kamar farce, ko ɗan zagaye mai layuka da suka fito daga tsakiya. Na farkon gefen ƙwanso ne da zarto ya yanka, na biyun murjani ne. A tsohon garin Jidda ma, wato Balad, yawancin tsofaffin gidajen da dutsen murjani aka gina su, wanda aka haƙo daga bakin teku, ana jera shi ana ratsa katako a tsakani. Inda shafen bango ya ɓantare ana ganin ƙofofin murjanin ƙarara.

Wannan ba sabon gani ba ne. Al-Biruni, kusan shekara 1,000 da suka wuce, ya rubuta cewa saharar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa ita ce ƙwanson da masu haƙar rijiya ke tonowa. Malamai da dama kuma kan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa alƙiyama ba za ta tsaya ba sai ƙasar Larabawa ta koma makiyaya da ƙoramu, suna cewa komawa tana nuna an taɓa kasancewa haka. Inda ake samun saɓani shi ne fassarar da wasu masana ke yi wa ƙasusuwan game da asalin ɗan Adam, amma wannan muhawara daban take da batun ko a adana ƙashin ko a niƙa shi.

Darajar waɗannan duwatsu ba ta tsaya ga tarihi ba. Irin duwatsun zamanin da suka fito fili a kewayen Riyad su ne suka nutse can ƙasa a gabas, inda wasunsu suka haifar da man fetur, wasu kuma suke riƙe da shi a rijiyoyin babban filin man nan mai suna Ghawar. A ƙarshen shekarun 1930 masanin duwatsun nan Ba'amurke, Max Steineke, ya ga wani farin dutse a kogon Dahl Hit kusa da Riyad, ya gane shi ne murfin da ke danne man da aka samu a Dammam, abin da ya nuna cewa arzikin ya bazu fiye da yadda ake zato. Har gobe ɗaliban ilimin ƙasa da injiniyoyin mai kan je gindin Tuwaiƙ su taɓa da hannu abin da a gabas sai an haƙa dubban ƙafa.

Abubuwan da aka tono a ƴan shekarun nan su suka ƙara jawo hankali. A 2009 wata tawaga ta Jami'ar Michigan da Hukumar Binciken Duwatsu ta Saudiyya, mai hedikwata a Jidda, ta samu wani ɓangare na ƙoƙon kan wani nau'in biri mai shekara miliyan 28 zuwa 29 a Harrat al-Ujaifa, cikin lardin Makka, aka sa masa suna Saadanius hijazensis. Jerin duwatsun da aka same shi a ciki sunansa Shumaisi, sunan wurin nan da kowane mai bin hanyar Jidda zuwa Makka ya sani saboda shingen bincike. A arewa maso yamma, kusa da Bahar Maliya, an samu ƙasusuwan wutsiya da haƙoran dainaso masu kimanin shekara miliyan 72. A Jauf an sanar da ƙasusuwan kifin whale masu shekara miliyan 37 a 2021. A saharar Nafud kuwa an tono ƙasusuwan giwaye a bakin busassun tafkuna, da ƙashin yatsan mutum a Al-Wusɗa da ya haura shekara 85,000, da sawayen mutane a Al-Asar masu kimanin shekara 120,000.

Mai tonowa shi ne mai ɓatawa

A nan gizo ke saƙar. Wurin fasa dutse shi ne babban abokin masu binciken burbushin halittu, kuma shi ne babban abokin gabarsu. Babu jami'ar da ke da kuɗin yanke tsauni ta buɗe bango mai tsayin mita 30. Kamfanin siminti kuwa a aikinsa na yau da kullum yake yin haka. Amma abin da nakiya ta buɗe da safe, zuwa la'asar shiyol ya kwashe shi ya zuba a bakin kassara.

Tarihi cike yake da misalai. Shahararren burbushin nan mai fikafikai da haƙora, Archaeopteryx, a wuraren yankan dutse na yankin Solnhofen a Jamus ya fito, wajen 1861. A Najeriya, ramin siminti na Ashaka a jihar Gombe ya yi suna a wurin masana saboda ƙwanson halittun teku masu naɗi da ake samu a cikinsa, haka ma farar ƙasar Kalambaina a Sakkwato, wadda ita ma ƙarƙashin teku ta kwanta.

Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne ramin Messel a Jamus. An yi ta haƙar wani dutse mai mai a wurin har zuwa 1971. Da aiki ya tsaya, hukumomi suka shirya mayar da ramin juji. Mazauna yankin da masana suka yi ta ja-in-ja da gwamnati kusan shekara 20, har gwamnatin jihar Hesse ta sayi wurin a 1991, sannan a 1995 ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Dabbobin da ke cikinsa, masu shekara kusan miliyan 47, wasu har da gashin jikinsu da abincin da ke cikinsu ake samun su. A can ne kuma wani mai tono don kansa ya samu wata ƙaramar dabba dangin birai a 1983, ta yi sama da shekara 20 a hannun masu ajiya kafin masana su samu damar nazarin cikakkiyarta.

Wannan labari na ƙarshe ya taɓo dalilin da ya sa masana ke tsoron mai tsinta kusan kamar yadda suke tsoron kassara. Shekarun ƙashi ba a jikinsa kaɗai ake karanta su ba. Ana duba hawan dutsen da yake ciki, da abin da ke samansa da ƙasansa, da sauran halittun da ke kwance tare da shi, a kuma auna wasu ma'adinai da ke sauyawa a hankali bisa ƙa'ida sananniya, musamman a toka ko dutsen aman wuta da ke kusa. Ƙashin da aka ɓamɓaro aka sa a aljihu kamar shafi ne da aka yage daga littafin bashi: rubutun yana nan, amma ba a san na wane ne ba, ba a san na yaushe ba ne.

Inda dokar take

Tushen komai shi ne sashe na 14 na Tsarin Mulkin Saudiyya na 1992, wanda ya ce duk arzikin da Allah ya ajiye a cikin ƙasa ko a bayanta mallakar hukuma ne. Dutse da yashi da tsakuwa duk sun shiga. Sabuwar dokar zuba jari a ma'adinai, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2021, ta kasa ma'adinai aji uku, kayan gini suna aji na uku, kuma lasisin wuraren fasa dutsen gini su ne mafi yawa a cikin lasisin da ma'aikatar ke bayarwa. Ɗiban ƙasa ko dutse don sayarwa ba da lasisi ba yana iya kai mutum ga ɗaurin da ya kai shekara 2 da tarar da ta kai riyal miliyan 1.

Sai dokar muhalli ta 2020, da rundunar tsaron muhalli ta musamman da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Wannan runduna ce ke yawan sanar da kama mutane, ƴan ƙasa da baƙi, da laifin kwasar yashi ko kankare ƙasa, tare da kayan aikinsu. Kayan tarihi na ɗan Adam kuwa, irin su rubutun kan dutse da makaman dutse da kaburbura, suna ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 2014 da Hukumar Kayan Gado. Ke nan wuri guda yana iya shiga hannun hukumomi uku ko huɗu, kuma wannan na daga cikin abin da ke rikitar da ma'aikaci: bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan ya ga wani abu.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu kassara da ƴan kwangila hujjarsu a fili take. Ƙasar tana cikin gine-gine irin waɗanda ba ta taɓa yi ba. Ga Ƙiddiya, sabon birnin wasanni da nishaɗi, a gindin Tuwaiƙ ɗin kansa, ga baje kolin duniya na 2030 a Riyad, ga gasar cin kofin duniya ta 2034. Gwamnati ta ɗauki ma'adinai a matsayin ginshiƙi na uku na masana'antu bayan mai da sinadaransa, kuma a Janairun 2024 ta ɗaga ƙiyasin arzikin ma'adinanta daga dala tiriliyan 1.3 zuwa 2.5. Tsakuwa kaya ce mai nauyi marar tsada, kuɗin dakonta kan kai ko ya fi kuɗinta idan tafiya ta yi nisa. Kowane kilomita da aka ƙara tsakanin kassara da wurin gini yana bayyana a farashin kankare. Sannan suna cewa farar ƙasa kusan dukkanta ƙwanso ce, in za a tsaya don kowane ƙwanso ba za a ƙara yin buhun siminti ɗaya ba.

Masana ba su musanta wannan na ƙarshen ba. Mafi yawan abin da ke cikin dutsen Riyad halittu ne da ake da dubbansu a ɗakunan ajiya. Abin da suke nema a kare ƙalilan ne: wurin da aka samu ƙasusuwan dabbobi masu ƙashin baya, ko bangon da ya nuna jerin hawan duwatsu cikakke, ko wurin da aka fara bayyana wani nau'in dutse aka sa masa suna. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin rufe rami shi ne kariya. Wasu na cewa ramin da aka rufe ba a kula da shi ba yakan cika da shara da ɓaraguzan gini, bangonsa ya zube, sabon abu kuma ya daina fitowa, don haka gara a bar aiki ya ci gaba bisa sharaɗin a ware bango guda, a kuma ba masana ƴan kwanaki idan wani abu ya bayyana.

Mazauna kusa da kassara damuwarsu ƙura ce da girgizar nakiya da manyan motoci. Riyad ta taɓa ganin ƙarshen wannan hanya a Wadi Hanifa, kwarin nan mai tsawon kusan kilomita 120. Lokacin da birnin ke bunƙasa a shekarun 1970 da 1980 an kwashe dutse da ƙasarsa, aka bar ramuka da juji. Daga baya aka fitar da masu haƙar, aka kwashe sharar, aka gyara magudanan ruwa, har aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2010. Gyaran ya ci shekaru da kuɗi masu yawa, kuma aljihun hukuma ne ya biya.

Tsakanin waɗannan ra'ayoyi, tambayar da ta fi wuya ita ce wa zai ɗauki asarar tsayar da inji. Mai tuƙa shiyol shi ne idon farko da ke ganin ƙashi a bango. Idan faɗar abin da ya gani na nufin a tsayar da aiki, mai gida ya yi fushi, a yanke masa kuɗin ƙarin lokaci, to sai ya kau da kai. Duk tsarin da bai tanadi amsar wannan ba, a takarda kawai zai yi aiki.

Yadda abin zai taɓa talaka

Ga mai aiki a kassara mai lasisi, sanarwar UNESCO ita kaɗai ba ta soke lasisin kowa ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne sababbin lasisi su yi wuya a kusa da wuraren da aka ware, a ci gaba da tattara kassarori a rukunan haƙar ma'adinai da ma'aikatar ke keɓewa nesa da gari. Direban da ake biya bisa yawan sawu zai ji a jikinsa idan hanya ta ƙara tsawo. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke ɗaure da kamfanin da aka tasa kuwa, sai ya bi kamfanin zuwa sabon wuri ko ya shiga neman canjin kafala, wato komawa hannun wani mai gida.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai lodin yashi ko dutse da dare a wurin da babu lasisi. Sau da yawa mai motar da mai sayen kayan ba sa wurin, direba da lebura ake tararwa. Ɗan ƙasa zai biya tara ko ya yi zaman kaso ya koma gida, baƙo kuma yana iya haɗawa da tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa. Kafin a karɓi irin wannan aiki, tambayar lasisin wurin da takardar ɗaukar kaya ba rashin kunya ba ce.

Iyalan da ke fita shan iska jeji a lokacin sanyi ba a hana su zuwa ba, gandun ma don baƙi aka yi shi. Abin da ake gudu shi ne guduma da kurfi, da cika buhu, da tallan abin da aka tsinto a intanet. Wanda ya ga ƙashi ko haƙori ko sawu a dutse, abin da ya fi amfani shi ne ya ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, ya adana wurin a taswirar wayarsa, ya bar shi inda yake, ya sanar da Hukumar Binciken Duwatsu ko masu kula da wurin.

Ta fuskar aikin yi, ana sa ran guraben ja-gorar baƙi da gadi da sayar da abinci da sufuri. Aikin ja-gora a hukumance na ƴan ƙasa ne, don haka Hausawan da ke da takardar zama ƴan ƙasa su za su fi cin moriyarsa, musamman masu Hausa da Larabci da Turanci a baki, sauran kuma sai ta gefen hidima.

Sunan jiyofak na shekara 4 ne kawai. Kafin wa'adin ya cika masu duba za su dawo Arewacin Riyad da Salma su ga yadda aka riƙe wuraren. Idan sun gamsu a ba da koren kati na wasu shekara 4, idan akwai gyara a ba da ruwan ɗorawa tare da wa'adin shekara 2, idan ba a gyara ba a ba da ja a janye sunan. Daga yanzu zuwa lokacin ne ya kamata a sa ran ƙarin allunan gargaɗi da sintiri a wuraren da aka ware.